Ƙirgen Kwanaki: Labarin Koyon Aikin Lauya da Na Yi a Landan

Ni haifaffiyar Zariya ce, kuma a gidanmu idan aka ce lauya, hoton da ke zuwa ran kowa shi ne na mutum mai baƙar riga da farar hular gashi, tsaye a gaban alƙali yana zuba Turanci har sai abokin shari'arsa ya rasa ta cewa. Da wannan hoton na bar gida na tafi Ingila karatun shari'a, kuma da shi mahaifina, Allah Ya ƙara masa lafiya, yake tarbata duk ranar Lahadi idan mun yi waya, yana cewa, "To, Barista, wannan makon shari'a nawa kika ci?" Na daɗe ina kame-kamen amsar da zan ba shi, domin a cikin watanni shida da na yi a sashen ƙararraki na wani kamfanin lauyoyi a birnin Landan, ban taɓa miƙewa gaban alƙali na ce uffan ba. Abin da zan ba da labarinsa a nan shi ne aikin da ya cinye mini waɗannan watannin tun daga safiya har dare. Sunan kamfanin da na mutanen da muka yi wa aiki zan bar su a rufe, domin sirrinsu amana ce da doka ta rataya a wuyana, kuma ba ta sauka ko bayan an gama shari'a.

Da farko dai ni ba barista ba ce, ko da yake na gaji da gyara wa Baba wannan har na haƙura. A Nijeriya, wanda ya kammala Makarantar Horas da Lauyoyi aka rantsar da shi yana zama barista kuma solisita na Kotun Ƙoli a lokaci guda, shi zai zauna da mai ƙara a ofis, shi kuma zai tsaya masa a kotu. A Ingila da Wales kuwa aikin a rabe yake gida biyu. Barista shi ne gwanin tsayuwa a gaban alƙali, kuma galibi ta hannun solisita yake samun aiki. Solisita shi ne wanda mai matsala zai fara zuwa wurinsa, shi zai saurare shi, ya tattara takardu, ya nemo shaidu, ya rubuta wasiƙu, ya shigar da ƙara, sannan idan rana ta yi ya ɗauko barista ya damƙa masa abin da ya gina. Ni tsohuwar hanya na bi: digiri, sai kwas na shekara ɗaya da ake kira LPC, sai kwantiragin koyon aiki na shekara biyu a ƙarƙashin ƙwararrun lauyoyi. A shekarar 2021 hukumar da ke kula da solisitoci ta fito da sabuwar jarrabawa mai suna SQE, amma mu da muka riga muka hau tsohon layi an bar mu mu ƙarasa a kansa. Shekara biyun akan raba su zango huɗu, wata shida-shida, kowane zango a sashe dabam, kuma a bakin Turawa sunan kowane zango kujera, saboda da gaske kujera ake ajiye wa mutum a ɗakin lauyan da zai koyar da shi. Tawa ta farko a sashen ƙararraki ta faɗo, a ɗakin wata dattijuwar lauya da ta haura shekara 20 tana wannan aiki, wadda a nan zan riƙa kira uwar ɗakina.

Na fara aiki a farkon Satumba 2022, kuma ban cika mako guda ba Sarauniya Elizabeth ta rasu, ranar 8 ga watan. Rasuwar da duniya ta ɗauka ta iso teburina ne da siffar gyaran takardu. Sashen Babbar Kotu da ake kira Bencin Sarauniya nan take ya koma Bencin Sarki, manyan baristoci masu laƙabin QC, wato Lauyan Sarauniya, kuma suka wayi gari suna KC, wato Lauyan Sarki. Aikina na farko da ya amsa sunan aiki shi ne bin takardun da muke shirin shigarwa kotu ɗaya bayan ɗaya, ina cire Sarauniya daga kanunsu ina sa Sarki. Da aka ayyana ranar jana'izarta, Litinin 19 ga Satumba, a matsayin ranar hutu, sai uwar ɗakina ta ajiye kalanda a gabana ta ce in sake ƙirga duk wa'adin da ya ratsa ta wannan rana, domin a wasu ƙa'idojin kotu ranakun aiki kaɗai ake lissafawa. A raina na ce ashe shekara huɗu na yi ina karatu don in zo in zauna ƙirgen kwanaki kamar mai jiran albashi.

Yinina yakan fara da misalin ƙarfe 8:30, in buɗe kwamfuta in duba wasiƙun da suka kwana, sannan in buɗe littafin wa'adi, wanda a cikinsa ake rubuta ranar ƙarshe ta kowane mataki a kowace shari'a da ke hannunmu. Daga nan agogo zai fara gudu. A irin waɗannan kamfanoni lokaci shi ne hajar da ake sayarwa, an kuma yanka awa ɗaya gida 10, kowane yanki minti shida. Wayar minti huɗu yanki ɗaya ce, wasiƙar da ta ci minti 15 yanki uku, kuma kowanne sai na rubuta sunan shari'ar da bayanin abin da na yi, domin daga nan ake fitar da kuɗin da mai shari'a zai biya, wata rana kuma alƙali na iya bin lissafin layi-layi. Ga wadda ta tashi a gidan da gaisuwa kaɗai kan ci minti goma, abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Na tuna ranar da na kira wani ɗan kasuwa ɗan ƙasarmu, na tambaye shi gida da iyali da gajiya kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, da na ajiye wayar sai na tsaya ina tunanin ko halal ne in karɓi kuɗi a kan gaisuwar. Ban sa ta a lissafi ba, kuma har yau ba na sawa. Bayan kowace waya da kowane zama kuma sai an rubuta takardar abin da aka tattauna, domin a wurin uwar ɗakina maganar da ba a rubuta ba daidai take da wadda ba a yi ba.

Littafin da ke mulkin rayuwarmu shi ne kundin ƙa'idojin gudanar da ƙararrakin da ba na aikata laifi ba, wanda ya fara aiki a Afrilu 1999 bayan binciken da wani babban alƙali, Lord Woolf, ya jagoranta ya nuna cewa shari'a ta yi tsada kuma tana jan lokaci fiye da kima. Kusan kowane shafinsa akwai lamba da ke jiran wanda zai yi sakaci. Wanda aka saɓa wa yarjejeniya yana da shekara shida ya shigar da ƙara, bisa dokar wa'adi ta 1980, idan ya wuce ko da kwana ɗaya ne abokin shari'arsa zai iya rufe masa ƙofa. Idan kotu ta buga hatimi a takardar ƙara, wata huɗu ke gare shi ya isar da ita ga wanda yake ƙara idan a cikin ƙasar yake. Shi kuma wanda ake ƙara kwana 14 ke gare shi ya kare kansa, ko 28 idan ya fara sanar da kotu cewa saƙo ya iso shi. Takardar da aka tura ta imel bayan ƙarfe 4:30 na yamma ana ɗaukarta a matsayin ta ranar aiki ta gaba, kuma ba a ma isar da takardun shari'a ta imel sai ɗaya ɓangaren ya amince a rubuce. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi ceton wani mutum mai suna Barton, wanda ba shi da lauya, da ya tura takardar ƙararsa ta imel ba tare da wannan amincewa ba, alhali saƙon ya isa inda aka tura shi, kuma kafin ya farga wa'adinsa ya ƙare. Duk wannan na haddace shi a makaranta, amma ban san nauyinsa ba sai da ya kusa faɗo mini a ka.

A watan Oktoba ne aka sa mana ranar zaman farko na tsara wata shari'a, ranar wata Laraba. Ƙa'ida ta ce kowane ɓangare ya shigar da kasafin kuɗin da yake hasashen shari'ar za ta ci kwana 21 kafin zaman. Na ɗauki kalanda na koma baya mako uku cif, na rubuta Laraba a littafin wa'adi, kowa kuma ya dogara da abin da na rubuta. Daren Litinin, ina kwance har barci ya fara ɗaukata, sai wata ƙa'ida da muka karanta a makaranta ta faɗo mini: kwanakin nan cikakku ake nufi, ba a ƙirga ranar zaman, ba a kuma ƙirga ranar da aka shigar da takardar. Ke nan ranar ƙarshe Talata ce, wato gobe, ga shi ko rabin kasafin ba a kammala ba. Ban runtsa ba har asuba. Shaiɗan ya kawo mini dabaru iri-iri, har da in lallaɓa in gyara ranar a littafin in yi kamar dama haka take. Ƙarfe 7:30 ina bakin ɗakin uwar ɗakina, tana shigowa ko jakarta ba ta ajiye ba na ce mata na yi kuskuren ƙirge, yau ce ranar. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce in kira mai lissafin kuɗin shari'a yanzu, in kuma soke duk abin da ke gabanta kafin azahar. Mutum uku muka dukufa a kai, ko ruwa ban sha ba, aka shigar da takardar ta intanet aka kuma isar wa ɗaya ɓangaren ƙarfe huɗu saura kwata.

Sai da ƙura ta lafa ta kira ni ta ba ni labarin da kowane lauyan ƙararraki a Ingila ya sani. A 2013 wani ɗan majalisa kuma tsohon minista, Andrew Mitchell, ya kai masu jaridar The Sun ƙara kan ɓata suna, lauyoyinsa suka makara da kwana shida wajen shigar da irin wannan kasafi. Kotu ta ce ko da ya ci shari'ar, kuɗin da ya biya kotu kaɗai zai iya nema daga abokan shari'arsa, alhali kasafin ya haura fam 500,000, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. A shekara ta gaba, a shari'ar Denton, kotun ta sassauta ta shimfiɗa tambayoyi uku da alƙali zai yi kafin ya yafe makara: girman saɓawar, dalilinta, sannan sauran abubuwan da suka dabaibaye shari'ar. Ta ce mini kuskuren ƙirge kowa ya taɓa yi, abin da ke korar mutum daga wannan sana'a shi ne ɓoye shi. Tun daga ranar, kowane wa'adi sau biyu nake ƙirga shi, da yatsa a kan kalandar takarda, sannan in ba wani ya sake ƙirgawa.

Aikin da ya fi cin lokacina shi ne tantance takardu. A shari'ar Ingila ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kowane ɓangare wajibi ne ya fito da takardun da suka shafi rigimar, har da waɗanda ya san za su cutar da shi, kuma a kotunan kasuwanci sabon tsarin da ya tabbata daga 1 ga Oktoba 2022 ya ƙara jaddada haka. Abin da aka keɓe shi ne irin shawarar da ta gudana tsakanin mutum da lauyansa, wadda doka ta ba kariya. Don haka sai a zuba dubban wasiƙun imel da rasiɗai da hirarrakin WhatsApp a cikin wata manhaja, a ce wa mai koyon aiki bismillah. In buɗe takarda, in karanta, in yi mata alama ko ta shafi shari'ar ko ba ta shafa ba, ko tana da kariya, in wuce ta gaba, haka har ido ya fara ganin biyu-biyu. A nan na gane cewa mutane suna rubuta wa junansu abin da ba za su taɓa faɗa a gaban alƙali ba. A cikin Nuwamba, ina tantance wayar manajan wani kamfanin fitar da riɗi da muke wakilta, na ci karo da hotuna guda biyar na buhuna a zazzage, an baza riɗin a kan tamfol a rana. Babu wani rubutu a ƙarƙashinsu. Na ga dai kayan da ake rigima a kansu ne, na yi musu alamar sun shafi shari'a, suka tafi hannun abokan shari'armu tare da sauran, na kuma manta da su.

Sai haɗa kundi, wanda shi ne tambarin bautar mai koyon aiki. Kafin kowane zama sai an tattara duk takardun da alƙali zai duba a jere su bisa tsari, a sa wa kowane shafi lamba, a yi jadawalin abin da ke ciki, ta yadda idan barista ya ce a buɗe shafi na 214, alƙali da shaida da lauyoyin ɓangarorin biyu duk abu ɗaya za su gani. Ƙa'ida ta gama-gari ita ce mai ƙara ya kai kundin tsakanin kwana bakwai zuwa uku kafin ranar shari'a. Bala'in yana zuwa ne idan an gama komai, ƙarfe tara na dare, barista ya bugo waya ya ce a ƙara wasiƙa ɗaya a tsakiya. Ranar da wata sakatariya da ta daɗe a ofishin ta nuna mini cewa sabon shafin 214A ake kiransa a bar sauran yadda suke, na ji kamar in yi mata kyautar zani.

Kotu kam na je, sau da yawa ma. Mafi yawan zamanmu a ginin Rolls ne da ke titin Fetter Lane, wanda aka buɗe a 2011 domin shari'o'in kasuwanci da dukiya, wani lokaci kuma a tsohon ginin kotunan da ke Strand, wanda Sarauniya Victoria ta buɗe a 1882, mai lunguna da matakala da sai da na ɓata a cikinsu sau biyu. Wurin zamana bayan barista ne, ina rubuta duk abin da aka faɗa da iyakar saurin hannuna, idan ya nemi takarda in miƙa masa, idan uwar ɗakina ta rubuta masa ɗan saƙo in zura masa ta gefe. A irin waɗannan ƙananan zama ko hular gashin da Baba yake so ba a sawa. Abin da ya fi ba ni wuya a lokacin sanyi shi ne salla, domin a Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su taru a cikin awa huɗu, daidai lokacin da wa'adin ƙarfe huɗu na yamma ke ƙaratowa, wanda shi ne lokacin da alƙalai suka fi sawa a umarninsu. Akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsofaffin fayiloli, nan na ajiye dardumata, kuma da uwar ɗakina ta lura sai ta daina sa mini taro a waɗannan mintuna ba tare da mun taɓa yin maganar ba.

A Janairu 2023 shari'ar riɗin nan ta dawo kaina. Wanda muke wakilta wani Alhaji ne da ke sayen riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano yana fitarwa waje. Wani kamfani a Ingila ya karɓi kayansa ya ƙi biya, yana cewa tun daga tushe kayan duka sun sha danshi, yarjejeniyarsu kuma ta ce dokar Ingila da kotunanta ne za su raba su idan an saɓa. Shaidar da ake buƙata ita ce ta dattijon da ke kula da siton da aka ajiye kayan, wanda ba ya jin Turanci. Tun Afrilu 2020 ƙa'ida ta ce rubutacciyar shaida dole a rubuta ta da harshen mai shaidar, sannan tafinta ya fassara ya sa hannu cewa fassarar daidai take. Tun Afrilu 2021 kuma kotunan kasuwanci suka ƙara da cewa abin da mutum ya sani da kansa kaɗai zai faɗa, kada lauya ya yi masa tambayar da ke ɗauke da amsarta, kuma lauyan sai ya sa hannu cewa an bi wannan tsari. Uwar ɗakina ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Harshen nan naku ne ko?" Ranar ce ta farko da Hausata ta zama kayan aiki a wannan ofis.

Muka kira dattijon ta bidiyo, ɗansa na riƙe masa da waya, uwar ɗakina tana zaune gefena da alƙalami. Na ce, "Baba, barka da war haka, ya aiki, ya sanyi?" Ya amsa, ya tambaye ni 'yar ina ce, da na ce Zariya ya ce ai ya taɓa zama a Tudun Wada, ya shiga sa mini albarka. Na ga uwar ɗakina tana satar kallon agogo, na rubuta mata a takarda cewa idan aka yanke gaisuwar nan ba za mu sami komai ba, ta gyaɗa kai. Da muka shiga magana sai na gane cewa sauya harshe ba shi ne wahalar ba. Dattijon ba ya lissafi da kwanan watan Bature. Ya ce an kawo kayan kafin azumi, an loda su bayan ƙaramar Salla da kamar mako uku. Na san ƙaramar Sallar 2021 ta kama 13 ga Mayu, hannuna har ya tafi zai rubuta kwanan wata, ta tsayar da ni ta ce in rubuta yadda ya faɗa, takardun mota za su nuna ranar. Idan ya ce "ina jin", sai na tantance ko zato yake nufi ko ji da kunne. Idan ya ce "ba laifi", sai na nemi ya fayyace ko kayan sun yi kyau ne ko dai ana iya haƙuri da su. Mafi wuya ita ce kalmar "an", domin Bahaushe yakan ce an auna, an ɗinke, an ce, ba tare da ya ambaci wanda ya yi ba, ita kuwa kotu tana son sanin abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, da kuma wanda ya gaya masa. Sau nawa ina cewa, "Baba, ka yi haƙuri, wane ne ya ce?" har ya yi dariya ya ce ni da alƙali ba mu da maraba.

Can wajen ƙarshe na tambaye shi ko akwai wani abu da ya sami kayan tun daga shigowarsu har fitarsu. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, tsakani da Allah akwai. Ruwan farko ya sauka da dare, kwanon ya yi yoyo ta kusurwar gabas, kamar buhu 40 suka jiƙe. Muka zazzage muka shanya kwana biyu, muka mayar cikin kaya." Nan take hotunan nan biyar suka dawo mini. Uwar ɗakina tana kallona tana jiran fassara, kuma a duk ginin nan babu mai jin abin da aka faɗa sai ni. Ba zan yi ƙarya in ce zuciyata ba ta raya mini komai ba. Na tuna Alhaji mutumin ƙasarmu ne, na tuna yadda yake kirana ƙanwarsa, na kuma san abin da maganar nan za ta yi wa shari'arsa. Ban fi daƙiƙa uku ina wannan tunani ba, amma har yau ina jin kunyarsu. Na juya na fassara mata kalma da kalma, har da kusurwar gabas.

Da daddare Alhaji ya kira ni a wayata ta hannu. Ya ce, "Haba ƙanwata, ke fa tamu ce. Tsoho ne, ya fara rikicewa, ki gyara maganar mana kafin ta je gaban Turawan nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba zan iya ba, kuma ko na iya ba zai amfane ka ba." Na bayyana masa cewa a ƙarshen takardar akwai furucin da mai shaida ke sa wa hannu cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, wanda ya yi ƙarya a ciki ana iya tuhumarsa da raina kotu, hukuncin kuma yana iya kaiwa ga ɗauri. Na ce masa lauya a nan haƙƙin kotu ne a gaba da na wanda yake wakilta, ba shi da ikon yaudararta saboda kowa, sannan hotunan shanyar suna hannun abokan shari'arsa tun Nuwamba. Ya kashe wayar ba sallama. Na zauna na rubuta takardar abin da muka tattauna, na tura wa uwar ɗakina kafin in kwanta.

Washegari ita ta kira shi da kanta, ni ina fassara inda Turancinsa ya gaza. Ta ce masa yana da damar ƙin gabatar da dattijon a matsayin shaida, amma daga yau ba za mu iya ce wa kotu ruwa bai taɓa kayan ba. Shawararta ita ce a gabatar da shaidar yadda take, domin buhu 40 a cikin dubbai ba su ne kaya duka ba, kuma alƙali ya fi yarda da mutumin da ya faɗi abin da bai yi wa ubangidansa daɗi ba. Ta kuma tuna masa cewa a Ingila galibi wanda ya faɗi shari'a shi ke biyan mafi yawan kuɗin lauyoyin wanda ya ci. Bayan kwana biyu ya amince, ba da son ransa ba. Na rubuta shaidar da Hausa, shafi shida, ɗan dattijon ya buga masa a wani shagon kwamfuta, ya bi ta da yatsa a hankali muna kallonsa ta waya. Wuri ɗaya kaɗai ya tsaya. Na rubuta buhu 40, ya ce, "A'a 'yata, ni cewa na yi kamar 40, ban ƙirga ba." Na mayar masa da kamar ɗinsa, ya sa hannu, tafinta mai zaman kansa ya fassara, muka yi musayar shaidu da ɗaya ɓangaren ranar wata Juma'a, saura minti 20 wa'adi ya cika.

Shari'ar ba ta kai gaban alƙali ba, kamar yadda mafi yawansu ba sa kaiwa. A ƙarshen Fabrairu aka yi zaman sulhu, kowane ɓangare a ɗakinsa, mai shiga tsakani yana kai da komo tun ƙarfe tara na safe, ni kuma ina gyara daftarin yarjejeniya duk lokacin da lamba ta canza. Wajen tara na dare aka sa hannu. Alhaji ya sami kaso mai tsoka na kuɗinsa, amma bai kai abin da ya sa rai ba, kuma da zai fita ya yi wa uwar ɗakina godiya, ni kuwa ɗaga mini hannu kawai ya yi. Mako guda bayan haka na rubuta wa wanda zai gaji kujerata bayanin kowace shari'a da wa'adinta, na bar masa kalandar takardar, na kwashe dardumata na koma sashen filaye da gidaje.

Lahadin da ta biyo baya Baba ya yi mini tambayarsa ta kullum. Na ba shi labarin a dunƙule, ba suna ba adadi, na ce masa sulhu aka yi. Ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya ce, "Shi wannan bawan Allah mai kula da sito, ba su kore shi ba dai ko?" Da safe na nemi izinin uwar ɗakina na kira lambar. Ɗansa ne ya ɗauka, ana ta hayaniyar 'yan dako a bayansa, ya ce Baba yana cikin sito ana sauke kaya, in sake kira bayan la'asar.